Jan Zaren Ma'aunin Zafi

Ranar Lahadi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma. Yaya idon? Kana ɗiga maganin safe da yamma, ko sai ranar da Umma ta tsare ka? Mu nan lafiya lau. Baban yara yana gaishe ka, jikokinka ma haka. Ƙaramin ya fara haƙori, duk abin da ya samu sai ya kai baki, jiya har hular ubansa.

Umma, na san ke ce mai karanta masa. Don Allah a hankali, kuma kada ki tsallake sunayen magungunan nan kamar wancan karon. Ko kin murguɗa su Baba zai gane.

Auta ta iso lafiya, ta kama aiki ranar Litinin. Tana ɗakin baƙi a gidana kafin ta sami nata. Shugaban sashe, Mai Jan Biro da ka sani, ya tara mu a ɗakin gwaje-gwaje ya gabatar da ita. Ya ce ga sabuwar malamar kimiyyar haɗa magunguna, mai digiri biyu, 'yar tsohon mai kula da ɗakin nan, ya kuma yabe ka sosai. Aka yi tafi. Ina tsaye a bakin famfo da safar roba a hannuna, shekara goma sha huɗu ina riƙe da makullan da ka bar mini, amma babu wanda ya tuna ni ma 'yarka ce. Ni ma na yi tafin, sai dai safar a jiƙe take, ba ta yi ƙara ba.

An ba ta ofis mai labule da fanka. Ni ina nan a kan kujerarka, wadda ka ɗaure ƙafarta da waya. Ba ƙara nake kawowa ba, labari nake ba ka.

Ba za a tabbatar mata da aikin ba sai ƙarshen zango. Kwamiti na mutum uku zai zauna a bayan aji, ita kuma ta haɗa kaya da hannunta, ta yi gwaji a gaban ɗaliban shekara ta biyu. In ta ci, aiki ya zauna. In ta faɗi, sai yadda suka ga dama. Ka san abin da Mai Jan Biro ya zaɓa mata? Haɗa asid ɗin fomik daga oksalik da gilisarin. Ruwan tururuwarka, Baba. Da na ji sai da na yi dariya, na tuna ranar da ka kama tururuwa a bayan ɗakin ka sa na shinshina yatsanka, ka ce irin abin da ke cikinta za mu dafa yau.

Na yi murna, don na ɗauka a nan dai za ta neme ni. Na yi gwajin nan ya fi sau ɗari. Da yamma muna zaune na fara yi mata bayani, sai ta ce, “Yaya, kada ki damu, Baba ya gama mini komai.” Ta buɗe jakarta ta ciro dogon akwatin katakon nan.

Baba, ma'aunin zafinka ne. Mai jan zare.

Ban san lokacin da na ajiye kofin da ke hannuna ba. Ma'aunin da ka tafi da shi ranar da ka yi ritaya, ka ce shi kaɗai ne naka a duk ɗakin. Na taɓa roƙonka shi sau biyu, ka ce in bari tukuna. Ka manta wanda ya ɗaura zaren nan? Ina 'yar shekara goma, ranar Asabar, na biyo ka wankin kwalabe. Ka auna zurfin da zai shiga tulun gilashi da yatsunka, ka ce naka sun yi kauri ba za su iya ƙullin ba. Ni na zaro zaren daga bakin jan siket ɗina, ni na ƙulla, Umma ta yi mini faɗa da na dawo. Lokacin Auta ko rarrafe ba ta fara ba.

Na ce mata Allah ya sanya albarka kawai. Amma kai zan tambaye ka, don ba ka koya mini ɓoye-ɓoye ba. Me na yi da aka tsallake ni? In akwai dalili ina so in ji shi daga bakinka.

A gaishe da maƙwabta. Na sa sabon gilashin karatun Umma a cikin ambulan.

'Yarka,
Mai Kwalabe

Ranar Alhamis

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan kun tashi lafiya. Yaya jikin? Na ji daɗi da gilashin ya yi wa Umma daidai, ga shi har rubutunta ya miƙe. Yara lafiya, haƙorin ya fito, gida ya huta.

Amsarka ta zo, na karanta ta sau uku. Ka ce ni ba na bukatar zare, idona ya ishe ni. Ka ce ka ba Auta ne don ƙullina ya riƙe mata hannu. Magana ce mai daɗi, Baba, ka iya ta tun da can. Na ji, amma ban ƙoshi ba. Wanda ya iya aiki sai a ce ya iya, kyauta kuma a miƙa wa wani.

Mun fara gwajin share fage, ni da ita, bayan an tashi. Gaskiya hannunta bai zauna ba. A inda ta yi karatu, in ji ta, inji ke yin komai, ka danna lamba ka tafi shan shayi. Ranar farko ta juya tiyon ruwan bututun sanyaya, ruwa ya shiga ta sama maimakon ta ƙasa. Na gyara. Ta zuba gilisarin ta ɓata wuyan tulun, na goge. Amma ma'aunin ba ta taɓa kuskure da shi ba. Tana tura shi cikin toshiyar roba har jan zaren ya taɓa bakinta, shi ke nan, kansa ya nutse cikin ruwan yadda ake so. Ba ta taɓa tambayata dalilin zurfin ba, ni ma ban faɗa mata ba.

Sauran ka san shi. Garin oksalik ya narke a cikin gilisarin, aka ɗora a kan kwanon yashi, zaibar cikin ma'aunin ta hau ɗari, ta wuce kaɗan. Kumfa ta fara tashi ƙanana-ƙanana, muka bi da iskar cikin ruwan farar ƙasa ya koma fari. Da kumfar ta kwanta muka bari ya huce, muka ƙara oksalik, muka mayar da wuta zuwa ɗari da goma. Can sai ɗigo ya fara sauka a kwalbar da ake tarawa, warin nan mai tsinin hanci ya tashi. Ta tsoma shuɗiyar takarda ta koma ja, ta daka tsalle kamar yarinya, ta rungume ni da safarta mai danƙo. Na ce ta sake ni kada ta ture murhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jiya. Ta yi wa ɗalibai darasin a aji, ni ina ɗakin ajiya ina jera kwalabe, ƙofa a buɗe. Ta zana komai a allo, ta nuna yadda gilisarin ke kama oksalik, ya sake iska, ya saki asid ɗin, sannan ya koma gilisarin ɗinsa kamar bai yi komai ba, shi ya sa ake ta ƙara oksalik a tulu ɗaya. Baba, shekara nawa ina ganin wannan da idona? Na san ba a zubar da gilisarin ɗin, na san yana sake yin aiki, amma ban taɓa iya faɗinsa haka ba. Ɗalibai suka yi tsit, har ɗan bayan nan mai barci ya ɗaga hannu. Na tsaya da kwalba a hannu ina sauraren ƙanwata, raina yana ɓaci don ta iya. Na ce a zuciyata, ai ni ce gilisarin ɗin. Ni ke zama a tulu a kan wuta, a ƙarshe a rubuta sunan wani a jikin kwalba.

Da an bar ni na ci gaba bayan difloma, da ni ma na tsaya a gaban allon nan. Na san ba laifin kowa ba ne. Idonka ne ya fara tafiya, aka ce in wani daga gidan zai karɓi makullan sai a lokacin, na kuma karɓa da hannu biyu. Ban yi nadama ba sai wannan zangon.

A gida ma haka. Babban jikanka yanzu Antinsa Auta yake kai wa aikin makaranta, wai ni ina yi masa tsawa. Baban yara ya ce kwana biyun nan fuskata kamar ta wadda ta buɗe kwalbar amoniya da hanci. Na ce ya ci abincinsa ya ƙyale ni. Ita kuwa ba ta ma san ana yi ba, Yaya kaza, Yaya kaza, ta sayo mini takalmi. Da za ta yi mini rashin kunya sau ɗaya da na sami abin kamawa.

Umma ta rubuta a ƙasan takardarka cewa da Auta ta zo hutun ƙarshen mako kun yi awa biyu kuna hirar magunguna, kana ta dariya. Ni in na zo, tambayarka ita ce ko an gyara famfon kusurwa. An gyara, Baba. Ni na gyara.

Gwajin ranar Talata ta sama ne, ƙarfe goma. A sa ta a addu'a. Ni ma a sa ni.

'Yarka,
Mai Kwalabe

Ranar Juma'a

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Umma. Mu ma da sauƙi. Auta ce za ta kawo wannan takarda da hannunta, don ta ce gida take so. Ku bar ta ta huta, kada a dame ta da tambaya. Ni zan ba ka labarin, tunda na san ba za ka iya haƙuri ba.

Abin bai yi kyau ba.

Na shirya mata komai tun safe, kowane abu a wanke a bushe a kan tebur. Kwamiti suka zauna a baya da takardunsu, ɗalibai talatin da biyu suka kewaye. Doka ita ce mai kula da ɗaki ba ya sa hannu, ba ya sa baki, don haka na koma bakin ƙofar ɗakin ajiya na tsaya. Ta haɗa bututun daidai, ruwa ta ƙasa. Ta auna komai daidai. Sai ta buɗe akwatin ma'aunin, na ga ta tsaya. Zaren ba ya nan.

Ta duba cikin akwatin, ta duba ƙasa. Mai Jan Biro ya kalli agogo. Sai ta yi abin da aka koya mata a makaranta, ta sa kan ma'aunin a wuyan tulun, daidai bakin hannun da tururi ke fita, kamar mai tace ruwa. Kai ka san me ke nan. Zafin tururi take aunawa, ruwan da ke ƙasa kuwa babu mai duba shi.

Kashin farko ya tafi lafiya, kumfa ta tashi, ruwan farar ƙasa ya yi fari, ta yi bayani mai kyau har ɗaya daga cikin kwamitin yana gyaɗa kai. Da ta ƙara oksalik sai ta tsaya jiran ɗari da goma. Zaiba ta hau ɗari da 'yan kai ta tsaya. Ta ƙara wuta. Ɗigo ya zo, ya ragu, zaiba ma ta fara sauka. Ta cire kwanon yashin ta sa wuta kai tsaye. Ruwan ya yi rawaya, ya koma kalar ƙasa, sannan warin nan ya tashi, na man da ya ƙone, mai shiga ido kafin hanci. Cikin minti biyu kowa na tari da hawaye. Na ruga na kashe gas, na buɗe tagogi, na fitar da su. Wata ɗaliba mai ciwon asma numfashinta ya sarƙe, aka ɗauke ta zuwa asibitin makaranta. Ta kwana ɗaya, an sallame ta, uwarta ta zo ta yi faɗa mai yawa kuma tana da gaskiya.

Da rana Mai Jan Biro ya kira mu ofis. Ya so ya juya abin kaina, yana tambaya ko gilisarin ɗin tsoho ne, ko tulun da datti, don ka san ya fi sauƙi a tuhumi mai wanke kwalba. Kafin in buɗe baki Auta ta miƙe. Ta ce kayan da Yayarta ta ba ta babu aibu ko ɗaya, a duk makarantar babu mai tsabtar aikina, kuskuren nata ne ita kaɗai, in za a rubuta a rubuta sunanta. Idonta jawur, amma ta faɗa har ƙarshe. Ni ina kallon takalmin da ta sayo mini.

Kwamiti sun ce za su duba ko a sake ba ta dama. Ita ta ce ba ta so. Ta ce wanda ya kusa kashe 'yar mutane bai kamata ya tsaya gaban aji ba. Abin da ya fi sa ta kuka kuwa shi ne zaren. Ta ce ka ba ta amana ta yar, ba ta san da wane ido za ta dube ka ba. Ta zazzage jakarta sau uku, ta share ɗakin baƙi har ƙarƙashin katifa. Na taya ta nema.

Kwana uku ke nan abinci ba ya wuce mini. Baban yara ya ce hayaƙin ne. Wataƙila.

Ka lallashe ta, kai take ji.

'Yarka,
Mai Kwalabe

Ranar Laraba

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan kana lafiya, idon da sauƙi. Umma ta iso jiya da yamma lafiya, jikokinta sun hana ta sakat. Ta ce za ta yi mako guda.

Tunda Umma tana nan, na san mutum biyu ne kawai a gidan, kuma na san wanda zai buɗe ambulan ɗin nan. Zan iya jira Umma ta koma, na yi tunanin hakan. Ban jira ba da gangan. Auta, ke ce kike karantawa. Ki karanta da ƙarfi yadda Baba zai ji, kada ki tsallake layi ko ɗaya, ko da kin ga abin da ke zuwa.

Umma ta ce tun da kika je ba kya fita daga ɗaki. Ta ce Baba ya ɗora wa kansa laifi, wai zare ya shekara ashirin da biyar, ya kamata ya san ya ruɓe. Ta ce ta same shi da fensir a hannu yana auna yatsu a jikin fensirin, yana so ya tuna zurfin don ya ɗaura miki wani. Sai kuma ta ce, da aka ambaci wankin ma'aunin, Baba ya ce Mai Kwalabe ba ta taɓa yar da ko allura a bakin famfo ba. Umma ba ta gane ba. Ni na gane, Baba.

Zaren bai ruɓe ba, bai kuma faɗi ba. Ni na cire shi.

Ranar Litinin da yamma, bayan gwajinmu na ƙarshe, Auta ta bar mini ma'aunin in wanke da sauran kaya. Ina wanke shi, sabulu ya sa zaren ya ɗan zame daga wurinsa. Abin da ya kamata in yi shi ne in mayar da shi, na san wurin ko da idona a rufe. Sai na tsaya ina kallon ƙullin. Na ce ai nawa ne, daga siket ɗina ya fito. Na ce bari mu ga digiri biyun ba tare da ni ba. Na ci gaba da zame shi har ya fita ta sama, na sa a aljihun farar rigata, na goge ma'aunin na rufe akwatin, na miƙa mata ta sa a jakarta.

Zan so in ce ban san abin da zai faru ba, amma ƙarya ne. Abin da na shirya wa kaina shi ne za ta buɗe akwatin ta rikice, ta juyo ta dube ni a gaban kowa, ni kuma in yi mata nuni da yatsa ƙasa, sai kowa ya ga wanda ya san aikin. Abin da nake so ke nan, ta juyo ta neme ni sau ɗaya.

Kuma ta juyo. Wannan ne ban rubuta a waccan takardar ba. Auta, kin tuna. Da kika rasa zaren kin ɗaga kai kin dube ni a bakin ƙofa. Ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara makullai. Na ga kin sa ma'aunin a wuya. Na ga kin ƙara wuta, na ga kin cire yashi. Ina da minti goma sha biyar cur da zan yi tari ɗaya ki gane, dokar kwamiti ba ta hana tari ba. Ina tsaye hannuna a aljihu yana taɓa zaren, wani abu a ƙirjina yana jin daɗi. Sai da yarinyar nan ta dafe ƙirji sannan ya sake ni. Da ta mutu, da ni na kashe ta, a ɗakin da Baba ya yi shekara talatin ko yatsa ba a taɓa ƙonawa ba.

Sannan kika tsaya a ofis kina wanke ni. Sannan na durƙusa ina taya ki ɗaga katifa.

Kishi ne, ba shi da wani suna. Ina kishin ofishinki da labulensa, ina kishin yadda kike magana a gaban allo, ina kishin dariyar da Baba yake yi in kin shigo. Ba zan ce ya tafi ba, don jiya ma da Umma ta ce Baba ya sa an sayo miki lemo sai da na ji wani abu. Amma na ga abin da yake iya yi in na bar shi ya riƙe makullai.

Yau da safe na je wurin Mai Jan Biro na faɗa masa komai, na kuma rubuta na sa hannu. Ya cire tabarau. Ya ce zai kai maganar gaba, kuma in shirya, mai yiwuwa a karɓe makullan a ba wani. Na ce na ji. Daga nan na je na sami ɗalibar da uwarta na ba su haƙuri da bakina. Uwar ba ta amsa ba, ban kuma ga laifinta ba. Kwamiti sun sa sabuwar rana, Talata ta mako biyu masu zuwa, sun ce na farkon ba za a lissafa shi ba. Saura ke.

Baba, ban san yadda ake roƙon gafarar irin wannan ba. Ka ba ni ɗaki mai tsabta, ka ce idona ya ishe ni, na yi amfani da idon na kalli ƙanwata tana faɗuwa. Ka yafe mini in za ka iya. In ba yanzu ba, zan jira.

Auta, zaren yana cikin ambulan, a naɗe a cikin takardar tacewa. Ki girgiza a hankali kada ya faɗi. Ban kwance shi ba, ƙullin yana nan yadda na yi shi ina 'yar shekara goma. Ki sa wa Baba a tafin hannu ya taɓa, ya daina auna fensir.

Amma kada ki mayar da shi jikin ma'aunin tukuna. Ki dawo in nuna miki abin da ya kamata in nuna miki tun ranar farko: dalilin da ya sa kan ma'aunin yake nutsewa, yadda girman kumfa ke faɗin zafi kafin zaiba ta faɗa, da kalar da in kin gani za ki janye wuta ko ma'auni ya ce me. Ba ya cikin littafi, Baba ne ya zuba mini shi, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. In ba kya son ganina a gida, na yi magana da matar da ke kula da ɗakin karatu, tana da ɗaki. In ba kya son yi mini magana, ba sai kin yi ba, aikin ba ya bukatar hira.

Makullan suna hannuna har ranar Juma'a ta sama, bayan nan ban sani ba. Ranar Litinin ƙarfe huɗu zan wanke tulun, in auna gilisarin da oksalik, in ɗora yashi. Ba zan kunna wuta ba sai kin shigo.

Ina gaishe ku duka biyun.

'Yarka, kuma Yayarki,
Mai Kwalabe